Horar da Tsuntsun Gida

Horar da tsuntsun gida shi ne sabar da tsuntsun keji da mutane har ya daina firgita, ya yarda ya hau hannu, wani ma ya kwaikwayi magana. Waɗanda aka fi horarwa dangin aku ne, kamar aku mai jar wutsiya na Afirka da ƙaramin nan bajarigar ɗan asalin Ostireliya.

Tarihi

Ajiye aku tsohon abu ne, ana cewa tun wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa aka fara kai su Turai daga Indiya. Bajarigar kuwa masanin tsuntsaye John Gould ne ya kai shi Ingila a 1840. Amma salon horon da ake bi yanzu daga binciken masanin halayya B.F. Skinner na Amurka ya samo tushe, shi ya nuna cewa dabba tana maimaita duk abin da aka ba ta lada a kansa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tantabaru ya koya wa sarar hoto da baki don su saita makami, aka soke aikin a 1944. Sai mai bincike Irene Pepperberg da ta sayi wani aku a 1977 ta sa masa suna Alex. Dabararta mutum biyu ne a gabansa, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa ana miƙa masa abin da ya ambata, aku na kallo. Kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa.

Kwanakin farko

Nan fa yawancin mutane ke ɓata abin da gaggawa. Sabon tsuntsu a tsorace yake, hannu daga sama kamar shaho ne a wurinsa, don haka ana ƙyale shi kwanaki ya san ɗakin, mutum ya zauna kusa da keji yana magana a hankali. In da wasu tsuntsaye a gidan ana ware shi kamar kwana 30 saboda cuta. Daga nan sai a riƙa miƙa masa zangarniyar gero ta tsakanin waya, ranar da ya matso ya ci to an samu kansa. Sai a kawo yatsa ko 'yar sanda daidai ƙasan ƙirjinsa, a faɗi kalma ɗaya kullum kamar "hau", yana ɗora ƙafa a ba shi lada nan take. Minti 5 zuwa 10 ya isa a kowane zama. In ya maƙe gashi ya ja baya ko ya buɗe baki, a dakata. Duka da tsawa kam ba sa koya masa komai sai tsoron hannu da cizo.

Magana

Ba kowane aku ke magana ba, a bajarigar namiji ya fi koya.

Rage fiffike

Akwai saɓani kan datse gashin fiffiken tsuntsu. Wasu na ganin yana hana shi gudu, wasu na cewa yana hana shi motsa jiki kuma yana sa shi faɗuwa.