Layin Dogo na Qinghai zuwa Tibet

Layin dogo na Qinghai zuwa Tibet hanyar jirgin ƙasa ce a yammacin ƙasar Sin. Ya taso daga Xining, babban birnin lardin Qinghai, ya ƙare a Lhasa, hedkwatar yankin Tibet, tsawon kilomita 1,956. Babu layin dogo a duniya da ya kai shi hawa sama: a mashigin tsaunin Tanggula ya kai mita 5,072 daga doron teku, ya zarce layin tsaunukan Andes na ƙasar Peru wanda a da shi ke riƙe da wannan kambu. An buɗe shi gaba ɗaya ranar 1 ga Yulin 2006.

Tarihin aikin

Kashi biyu aka yi aikin, kuma tsakaninsu akwai jira mai tsawo. An fara kashin farko, daga Xining zuwa Golmud, kimanin kilomita 815, a 1958. Aikin ya tsaya, aka sake ɗaukarsa, bai fara jigilar jama'a ba sai 1984. Shi ma bai zo da sauƙi ba, domin a tafkin Qarhan kan gishiri aka shimfiɗa dogon, tafiyar kusan kilomita 32.

Daga Golmud kuwa sai aka ja birki. Abin da ya rage, kilomita 1,142, shi ne ainihin tudun Tibet, kuma injiniyoyin wancan zamani ba su da dabarar da za su tunkari ƙasarsa. Sai ranar 29 ga Yunin 2001 aka soma wannan kashi, aka gama shimfiɗa ƙarfe a watan Oktoban 2005. Ya ci kuɗi kusan yuwan biliyan 33. Shugaban ƙasar Sin na lokacin, Hu Jintao, ne ya sallami jirgin farko daga Golmud.

Daskararriyar ƙasa

Mai jin labarin wannan layi yakan ɗauka tsayin tsaunuka ne babbar wahalarsa. Wahalar tana ƙarƙashin dogon ne. Wajen kilomita 550 na hanyar sun bi ta kan ƙasar da ke daskare rani da damina, ƙasa ce gauraye da ƙanƙara. Muddin tana daskare, tauri gare ta kamar dutse. Amma samanta yakan narke da zafi ya zama laka, ya sake daskarewa da sanyi ya kumbura, kuma dogon da ke kan irin wannan ƙasa zai riƙa lotsawa yana tasowa har ya karkace. Akwai daskararriyar ƙasa a Sibiriya da Alaska, amma ta Tibet ta fi su rauni, saboda a wurare da yawa sanyinta bai wuce digiri ɗaya ko biyu ƙasa da sifiri ba, ga kuma rana mai ƙarfi. Ɗan ɗumi kaɗan ya isa ya narkar da ita. Tulin ƙasar da ake ɗora dogo a kai ma kansa yana jan zafin rana ya tura ƙasa.

Tun 1961 aka kafa tashar bincike a tsaunin Fenghuo, ana auna yanayin ƙasar shekara da shekaru. Daga irin waɗannan bayanai ne masana, cikinsu har da Cheng Guodong, suka yanke cewa rufe ƙasar don kare ta daga zafi ba zai isa ba, dole a riƙa ƙara mata sanyi.

Dabara mafi sauƙi ita ce ta duwatsu. Ana jibge manyan fasassun duwatsu a gindin tulin ko a gefensa, a bar kafofi tsakaninsu. Da hunturu iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, takan nutsa cikin kafofin ta kori mai ɗumi. Da bazara kuwa iskar sanyin ta kwanta a ƙasa ba ta motsi, zafi bai samu hanyar sauka ba. A wasu wuraren an ratsa tulin da bututun kankare don iska ta riƙa wucewa.

Sai sandunan ƙarfen da matafiyi ke gani jere a gefen dogo, kamar turakun da aka manta ba a ɗaura musu waya ba. Bututu ne rufaffu, mafi yawan tsawonsu a binne, da sinadarin amoniya a ciki. Idan sanyin waje ya fi na ƙasa, amoniyar da ke gindi takan ɗauki ɗumin ƙasa ta zama tururi, ta hau sama, iska ta sanyaya ta, ta koma ruwa ta gangaro. Da zafi ya shigo, aikin ya tsaya da kansa. Ba lantarki, ba inji, ba mai gadi.

Inda ƙasar ta yi raunin da duk wannan ba zai riƙe ta ba, sai aka ɗaga dogon sama bisa gada, aka kafa ginshiƙai can cikin ƙanƙara. Shi ya sa ake ganin gadoji a fili fetal inda babu kogin kirki. Gadar Qingshuihe kaɗai ta kai kilomita 11.7. Tsakanin Golmud da Lhasa akwai gadoji 675, jimillar tsawonsu kusan kilomita 160.

Aiki cikin ƙarancin iska

Kimanin kilomita 960 na layin suna sama da mita 4,000. A wuraren da suka fi tsayi, iskar oksijin da mutum ke samu a numfashi ɗaya ba ta fi rabin ta bakin teku da yawa ba. Lebura yakan gaji da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ciwon kai da kumburin huhu kuma suna iya kisa. An kafa wuraren samar da oksijin da asibitocin sansani a bakin hanya, masu haƙa rami kuma suna aiki da tulun iska a baya. Ramin Fenghuoshan, mai tsawon mita 1,338, an huda shi ne a tsayin mita 4,905. Hukumomin Sin sun ce ba ma'aikaci ko ɗaya da cutar tsauni ta kashe. Ana cikin aikin ne, ranar 14 ga Nuwamban 2001, babbar girgizar ƙasa ta afka wa tsaunukan Kunlun da layin ke ratsawa.

Jiragen

Injin dizal ma numfashi yake yi, kuma ƙarfinsa na raguwa a sama. Don haka aka yi odar kawunan jirgi na musamman, samfurin NJ2, daga kamfanin General Electric na Amurka. Taragun fasinja kuwa a Qingdao aka ƙera su tare da kamfanin Bombardier na Kanada. Ana ƙara oksijin a iskar cikin tarago, kusa da kujeru akwai kafar da mai jin jiri zai jona robar shaƙa, gilasan tagogi kuma suna tare hasken rana mai ƙona fata. A kan daskararriyar ƙasa gudun jirgi ba ya wuce kilomita 100 a awa. Tashar Tanggula, mai tsayin mita 5,068, babu gari kusa da ita.

Namun daji da muhawara

Layin ya bi gefen dajin Hoh Xil, inda barewar Tibet ke ƙaura duk shekara zuwa wurin haihuwa. An bar mata da sauran dabbobi mashigai 33, galibi ƙarƙashin gadoji. Wani hoto da ya yi suna a 2006, na garken barewa na gudu jirgi na wucewa a samansu, daga baya an gano haɗa shi aka yi, ko da yake masu bincike sun ga dabbobin suna bin mashigan.

Gwamnatin Sin tana kallon layin a matsayin abin da ya sauƙaƙa kai kaya Tibet ya kuma jawo 'yan yawon buɗe ido. 'Yan Tibet da ke gudun hijira da ƙungiyoyin da ke mara musu baya suna ganin hanya ce ta kwararar 'yan ƙabilar Han, mafi rinjaye a Sin, da kwashe ma'adinai, da saurin kai sojoji. An ci gaba da miƙa dogon: reshen Shigatse ya buɗe a 2014, na Nyingchi mai aiki da lantarki a 2021.

Abin da ya fi damun injiniyoyi yanzu shi ne ɗumamar yanayi, domin tudun Tibet yana ɗumama fiye da matsakaicin duniya. An samu lotsawa a wasu sassan da aka yi tulin ƙasa zalla ba tare da dabarun sanyaya ba, aka bi su da ƙarin duwatsu da sandunan amoniya, kuma ana auna zafin ƙasar da ke ƙarƙashin dogon a kai a kai.