Waiwaye: Linjilar Lindisfarne da taƙaddamar inda ya kamata ta zauna

A kakar shekarar 2022 mutanen arewa maso gabashin Ingila sun yi ta layi a birnin Newcastle don ganin wani tsohon littafi da aka kawo musu aro daga Landan. Bayan 'yan watanni aka naɗe shi aka mayar. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne a ƙasarsu aka rubuta littafin, shekara dubu ɗaya da ɗari uku da suka wuce, yau kuma sai da roƙo suke ganinsa.

Lindisfarne ƙaramin tsibiri ne a gaɓar arewa maso gabashin Ingila da ruwan teku ke rufe hanyarsa sau biyu a rana. A nan wani malamin Kirista mai suna Aidan ya kafa gidan ruhubanawa a shekarar 635, bisa gayyatar Sarki Oswald. Wanda ya fi ɗaukaka sunan gidan shi ne Cuthbert, bishop ɗin da ya rasu a 687, kabarinsa ya zama wurin ziyara. Don girmama Ubangiji da wannan waliyyi nasu aka rubuta Linjila huɗu, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, da harshen Latin. Marubucin shi ne Eadfrith, bishop ɗin tsibirin daga 698 har rasuwarsa a 721, kuma masana sun fi karkata ga cewa hannu ɗaya ne ya yi rubutun ya kuma yi zanen.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana zayyana a Alƙur'anin hannu zai gane irin haƙurin da ke cikin wannan aiki. Ganye 259 ne, duk fatar maraƙi da aka jeme aka kankare, wato garken da ya haura ɗari ya tafi a littafi guda. Akwai shafuka biyar da babu kalma ko ɗaya a kansu, sai gicciye da saƙar layuka da tsuntsaye masu dogon wuya da suka sarƙe da juna, har Turawa ke kiransu shafukan darduma. A farkon Linjilar Luka, Eadfrith ya kewaye haruffa da jajayen ɗigo sama da dubu goma. A gefen wannan shafi ya zana kyanwa mai dogon jiki, cikinta cike da tsuntsayen da ta haɗiye, tana hararar wasu a ƙasa. Wannan kyanwa ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan mutum ke jin numfashin mai zanen. An daɗe ana zaton shuɗin littafin daga dutse mai tsada na ƙasashen gabas ya fito, sai bincike ya nuna daga ganye ne mai ba da launi irin na babar rini.

Zaman lafiyar tsibirin bai ɗore ba. A 793 mahara daga Sikandinebiya, waɗanda ake kira Vikings, suka far masa. A 875 ruhubanawan suka kwashe gawar Cuthbert da littafin suka shiga duniya, suka yi shekaru suna yawo kafin su yada zango a Chester-le-Street. A can ne, wajen tsakiyar ƙarni na 10, wani limaminsu mai suna Aldred ya bi littafin kalma bayan kalma yana rubuta ma'anarta da tsohon Ingilishi a tsakanin layuka, kamar yadda malamanmu ke sa ajami a ƙarƙashin Larabci. Wannan ita ce fassarar Linjila da Ingilishi mafi daɗewa da ta rage. Shi ne kuma ya bar mana sunayen waɗanda suka yi aikin, har da Billfrith da ya ƙawata bangon da zinariya da duwatsu masu daraja. A 995 aka kai gawar Cuthbert birnin Durham, inda take har gobe.

Rabuwar littafin da arewa ta biyo bayan rushe gidajen ruhubanawa da Sarki Henry na 8 ya yi. Na Durham ya faɗi a 1539. Bangon Billfrith ya ɓace. A farkon ƙarni na 17 littafin ya shiga hannun Robert Cotton, mai tara tsofaffin rubuce-rubuce, ya tsira daga gobarar da ta ci wani sashe na tarin nasa a 1731, ya shiga Gidan Tarihi na Birtaniya a 1753, sannan Ɗakin Karatu na Birtaniya da aka kafa a 1973 ya gaje shi.

Hujjar masu riƙon littafin a Landan ba ta banza ba ce. Suna cewa dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, doka ta ɗaure musu hannu wajen rabuwa da ita, kuma haske da yawan tafiya suna cutar da fata da launi. 'Yan arewa kuwa, har da 'yan majalisarsu, suna cewa don Cuthbert aka yi shi, ga kabarin Cuthbert a Durham, ga jami'a da ƙwararru masu iya adana shi. Da aka kai shi Durham a 2013, kimanin mutum dubu ɗari suka je kallo cikin wata uku.

Ni dai hankalina ya fi kwantawa da 'yan arewa. Ban musanta cewa Landan ta kula da littafin ba, amma mutanen da suka gudu da shi a 875 sun ɗauke shi ne tare da gawar waliyyinsu, ba su yarda su raba su ba ko a lokacin da suke kwana a hanya. Abin da aka daidaita a kai zuwa yanzu shi ne aro na 'yan watanni, a huta shekaru, a sake. Newcastle ta karɓe shi a 1996 da 2000 da 2022, Durham a 1987 da 2013, sauran lokacin yana Landan.