Taken Latin da alamomin da ke kan sulallan Sifaniya na zamanin mulkin mallaka

Tun daga 1536, lokacin da gidan buga kuɗi na birnin Meksiko ya soma aiki, har zuwa shekarun 1820, Sifaniya ta riƙa buga sulallan azurfa da zinariya a yankunan da ta mallaka a nahiyar Amurka. Mafi shahara shi ne na riyal takwas, mai nauyin kusan giram 27 na azurfa. Rubutun da ke kansu na Latin ne, galibi a taƙaice, kuma sau da yawa ana sa V a gurbin U kamar yadda Rumawa suka saba. Kusan duka kirari ne na sarauta.

Ginshiƙai biyu da PLVS VLTRA

Alamar da ta fi daɗewa ita ce ginshiƙai biyu tsaye a kan ruwa. Su ne ginshiƙan Harkulis, gwarzon tatsuniyar Girkawa da Rumawa, sunan da mutanen dā suka ba duwatsun da ke gefe biyu na mashigin Jibralta. A tatsuniyar Turawa an ce an rubuta Non plus ultra a jikinsu, wato babu komai gaba da nan, gargaɗi ga matuƙa jirgin ruwa. Sarki Carlos na Ɗaya, wanda daga baya ya zama Charles na Biyar na Daular Rum Mai Tsarki, ya ɗauki Plus ultra, akwai sauran gaba, ya mai da shi takensa wajen 1516. Ana danganta shawarar ga likitansa ɗan Milan, Luigi Marliani, kuma da Faransanci aka fara rubuta shi, Plus oultre. A lokacin Sifaniyawa ba su ci Meksiko ko Peru ba tukuna, don haka ma'anar ƙetare teku zuwa sabuwar duniya daga baya ta ƙara ƙarfi.

A sulallan farko na Meksiko, masu ɗauke da sunan Carlos da mahaifiyarsa Juana, taken yana tsakanin ginshiƙan, wani lokaci a gutsure saboda ƙarancin wuri. Bayan badaƙalar rage azurfa da aka bankaɗo a gidan buga kuɗi na Potosí, a Bolibiya ta yau, wajen 1649, an sauya zanen can a 1652 zuwa ginshiƙai da raƙuman ruwa, domin 'yan kasuwa su bambance sabon kuɗi da gurɓatacce.

VTRAQUE VNUM

A 1732 Meksiko ta fara buga sulalla da inji, zagayayyu sumul, masu ado a baki don hana yankar gefe. A bayansu akwai duniyoyi biyu manne da juna ƙarƙashin kambi ɗaya, tsakanin ginshiƙan, kowane ginshiƙi an naɗe shi da ƙyalle, ɗaya PLUS ɗaya VLTRA. Sama aka rubuta Utraque unum, dukansu biyu ɗaya ne: tsohuwar duniya da sabuwa a hannun sarki guda. Masu tara tsoffin kuɗi da dama suna ganin ba a yi zanen da ya kai shi kyau ba. An daina shi wajen 1772, aka maye gurbinsa da kan sarki.

Sunan sarki da garkuwa

Misali: PHILIP. V. D. G. HISPAN. ET IND. REX, wato Filib na Biyar, da falalar Allah sarkin Sifaniyoyi da Indiyoyi. D. G. gajarta Dei gratia ne. Jam'in da ke cikin Hispaniarum yana nuna cewa masarautu da yawa ne aka haɗe, Indiarum kuwa gadon kuskuren Kolumbus ne, wanda ya zaci Indiya ya isa. A garkuwar, hasumiya tana wakiltar masarautar Kastil, zaki masarautar León, rumman a ƙasa Granada, furanni uku na tsakiya kuma gidan Bourbon da ya hau gado a 1700. Bayan rasuwar Carlos na Uku a 1788, an yi ɗan lokaci ana buga sunan magajinsa da fuskar marigayin, kafin sabon hatimi ya iso daga Madrid.

Taken da ke kan sulallan zinariya

Filib na Biyar: Initium sapientiae timor Domini, tsoron Ubangiji shi ne farkon hikima. Fernando na Shida: Nomina magna sequor, ina bin sawun manyan sunaye. Carlos na Uku: In utroque felix, auspice Deo, mai nasara a duniyoyin duka biyu da jagorancin Allah.

Ƙananan haruffa

M mai ƙaramin o a ka Meksiko ce, P, T da S a sarƙe Potosí, 8R kuma ƙima, wato riyal takwas. Sauran baƙaƙen na sunan masu gwada azurfa ne, waɗanda ake kamawa in an samu algus.

Bayan haka

Larabawa sun ga ginshiƙan kamar igwa, suka kira kuɗin Abu Midfa, wato mai igwa, kuma daga real, sunan kuɗin da Sifaniyanci, kalmar riyal ta fito. Sulallan sun kasance halastaccen kuɗi a ƙasar Amurka har 1857. Wasu na cewa alamar $ daga ginshiƙi da ƙyallensa ta samo asali, wasu na cewa gajarta peso ce, wani sunan sulallan riyal takwas. Masana sun fi karkata ga na biyu.