Ƙuma a Jikin Kyanwa: Tambayoyi da Amsoshi

Ta yaya ake gane cewa kyanwa tana da ƙuma?

Yawan susa da lasar jiki su ne alamun farko, sai dai kyanwa takan haɗiye ƙumar wajen gyara jikinta tun kafin ido ya kai gare ta. Abin da ya fi tabbas shi ne a taje gashinta da mataji mai ƙananan haƙora, musamman wuya da gindin wutsiya, a karkaɗe abin da ya fito a kan farar takarda mai laima. Idan baƙaƙen ɗigon suka narke suka yi ja, to kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha.

Me ya sa take dawowa bayan an yi magani?

Domin wadda ke jikin kyanwa kaɗan ce ƙwarai, an ƙiyasta cewa kusan kashi 95 cikin 100 suna cikin gidan ne a matsayin ƙwai da tsutsa. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ba ya manne wa gashi, zubewa yake yi duk inda kyanwar ta kwanta. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana gudun haske, sai ta shige ƙarƙashin darduma da tsagar daɓe, daga baya ta nannaɗe kanta cikin kwanson da magani ba ya ratsawa. A nan za ta iya shafe watanni, sai ta ji ɗumin jiki ko motsi sannan ta fito. Wannan ne ke sa mutane su zargi maganin, alhali an dai tsaya da wuri ne.

Wane magani ya dace?

Magungunan ɗigawa masu sinadarin fipronil, imidacloprid ko selamectin ana sa su duk wata, shi kuwa fluralaner yana kai makonni 12. Ana buɗa gashin ƙeya a ɗiga a kan fata, inda harshe ba ya kaiwa. Likitan dabbobi ne zai zaɓa gwargwadon nauyinta da shekarunta, jariran kyanwa kuma taza ta fi musu aminci.

Ana iya amfani da maganin kare?

Ko kusa. Da yawansu suna ɗauke da permethrin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, yana jawo dalalar miyau da karkarwa da farfaɗiya, har mutuwa. Ko gogar karen da aka sa wa maganin yana iya cutar da ita. Idan hakan ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai ɗumi, a garzaya wurin likita. Kananzir da maganin feshin gona ma guba ne gare ta.

Shin ƙuma tana da illa bayan ƙaiƙayi?

Tana da ita. Ƙaramar kyanwa tana iya rasa jini har dasashinta ya yi fari, kuma haɗiye ƙuma yana sa mata tsila, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya. Mutanen gida ma ƙumar tana cizonsu, galibi a idon sawu.

Gidan fa, me za a yi masa?

A riƙa wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk mako, a share lungu da saƙo, da injin zuƙe ƙura idan akwai, a zubar da sharar nesa. Duk karnuka da kyanwoyin gidan a yi musu magani lokaci guda, kowa da nasa, a kuma ci gaba har watanni 3 aƙalla ko da an daina ganin ƙumar.