Waiwaye: akwatin maganin da ake juyawa, daga Bamako har ƙauyukan Zamfara

Kwanan nan naji wasu matasa a Gusau suna ta maganar wai sabon salo ya shigo, a buɗe kemis ko ɗakin gwajin jini a riƙa yi wa mutane da araha, ribar kuma kar ta shiga aljihun kowa a maida ta cikin aikin. Wallahi naji daɗi, amma fa abin nan iyayenmu sun gan shi tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a yanko Zamfara a 1996.

A 1987 ne ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako ta ƙasar Mali tare da WHO da UNICEF, lokacin tattalin arziki ya karye gwamnatoci sun kasa ba da magani kyauta, sai aka ce to a zuba wa kowane ƙaramin asibiti jarin magani, a sayar da ɗan ƙari kaɗan, kuɗin a sake saro wani, mutanen gari kuma su sa ido. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ministan lafiya na Najeriya a lokacin. Zamanin Abacha ma PTF, hukumar asusun rarar kuɗin man fetur da Buhari ya shugabanta, ta sake zuba magunguna a kan wannan tsarin.

Ni na riski ƙarshensa a ƙauyenmu. Akwai wani akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannun malamin asibiti ɗaya hannun wani dattijo da gari ya yarda da shi, ga littafi mai jan bango da ake rubuta ko farasitamol guda biyu aka sayar. Abin ya yi aiki fa, mata sun daina hawan mota zuwa birni don maganin zazzaɓi. Sai bashi ya fara, wannan ƙanen mai gari ne, wancan sai kaka zai biya, kuma tsakani da Allah wa zai iya hana uwa magani ɗanta na shiɗewa a gabansa? Naira kuma na ta faɗuwa, abin da aka tara bai isa a saro rabin na baya ba. Haka akwatin ya koma wurin ajiye takardu, muka koma jin "babu, ka je kemis".

Daga baya aka juya ga inshora. NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta fara aiki a 2005 amma yawanci ma'aikatan tarayya ta ɗauka, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta mayar da inshorar dole, mu ma a jiha ga tamu hukumar inshorar lafiyar, ZAMCHEMA. Sai dai manomin Anka ko Maru da 'yan bindiga suka hana noma, kai ma'aikacin asibitin ma ya gudu, da me zai biya?

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwana matasan nan, kafin ku yi fenti ku kafa allo, ku zauna ku yanke wa zai riƙe makulli na biyu, wa kuma zai biya wa wanda ba shi da ko sisi. Muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan, ga masu hali a kasuwar Gusau da Ƙaura, a nemi su riƙa biyan kuɗin marasa ƙarfi kai tsaye cikin akwatin duk ƙarshen wata, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a.