Ƙwai a baka da kaza a akurki: tambayoyi kan lissafin NPV

Me ake nufi da NPV?

NPV taƙaicen Net Present Value ne a Turance, hanya ce ta auna ko jarin da za ka zuba zai biya ka. Sai ka ɗauki duk kuɗin da kake sa ran harkar za ta kawo nan gaba, ka mayar da su darajarsu ta yau, sannan ka cire abin da ka kashe tun farko. Idan saura ya haura sifili, harkar ta fi wata harkar da za ka iya zuba kuɗin a cikinta. Tushen abin dai shi ne naira dubu ta bana ta fi dubun baɗi, domin ta bana za ka iya juya ta.

Yaya ake yin lissafin?

A ce injin niƙa za ka saya a kan naira 1,000,000, kuma bayan kuɗin mai, gyara da ladan yaron shago, zai bar maka 450,000 kowace shekara har shekara 3. Da ido, 1,350,000 ke nan, riba ta fito.

To amma a ce da ka zuba kuɗin a wata harka za su kawo kashi 20 cikin 100 a shekara. Sai ka raba kuɗin shekarar farko da 1.2, wato ɗaya da kashi 20 ɗin nan, ka sami 375,000. Na biyu da 1.44, wato 1.2 sau 1.2, ka sami 312,500. Na uku da 1.728, wato 1.44 sau 1.2, kimanin 260,400. Jimla 947,900, wato ba su ma kai jarin ba, an sami giɓin 52,100.

Sai dai inji ba ya ɓacewa bayan shekara 3. Idan za ka iya sayar da shi 200,000, darajar wannan a yau kimanin 115,700 ce, lissafi ya koma riba ta 63,600.

Daga ina ake samo wannan kashin?

Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Injin nan da kashi 10 aka lissafa shi, ko ba a sayar da shi ba, ribar za ta kai 119,000. Wanda ya riga ya ƙwallafa rai a kan sayayya zai zaɓi ƙaramin kashi, alƙalami kuwa ba ya musu. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, Babban Banki kuma ya ajiye kuɗin ruwansa a kashi 27.5. A irin wannan yanayi, kashi 10 mafarki ne.

Wannan ba kuɗin ruwa ba ne?

Babu wanda ake karɓar ko kwabo a hannunsa, ma'auni ne kawai. Wanda ba ya son gwadawa da banki yana iya ɗaukar abin da kasuwancin hatsi ke ba shi, ko sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na Gwamnatin Tarayya, wanda na farkonsa a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara.

A kwamfuta fa?

Manhajar lissafi ta Excel na da lissafin NPV, amma tana ɗaukar adadin farko da ka shigar a matsayin kuɗin ƙarshen shekarar farko. Kada ka sa jarin a ciki, ka cire shi daga baya da kanka.