Tsohuwar taswira da na'urar gano ƙarfe: ina ya kamata mutum ya dosa a ƙasar Zazzau?

Na sayi na'ura, me zai kai ni neman wata tsohuwar taswira kuma?

Saboda na'urar ba ta san inda mutane suka zauna ba, ita dai ƙara kawai take in ta ji ƙarfe a ƙasa. In ka ɗauke ta ka faɗa kowace gona haka nan, to wuni za ka yi kana tono murfin kwalba da guntun waya har batir ya mutu. Kuɗi da zobe da awarwaro suna faɗuwa ne a inda jama'a suka taru shekara da shekaru, kamar kasuwa, bakin rijiya, mashigin rafi, zangon fatake, tashar jirgi. Da yawan wuraren nan yau gonar masara ce ko fili fetal, amma taswirar da aka zana lokacin suna da rai tana nan ɗauke da sunansu.

To a ina ake samun irin waɗannan taswirori?

Na farko akwai na sufiyo na gwamnatin tarayya, masu sikeli 1:50,000 da 1:100,000, Zariya tana kan shafi mai lamba 102. A jami'ar ABU za ka iya tambaya a sashen labarin ƙasa ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Sai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, nan ne rahotannin jami'an mulkin Turawa suke, kuma cikin rahotannin ƙiyasin haraji akan tarar da zanen gunduma na hannu da sunayen ƙauyuka, wasu ma yanzu ba su. Arewa House, cibiyar binciken tarihi, ita ma tana Kaduna. Ka tafi da waya mai kyamara mai kyau, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton komai.

Me zan riƙa dubawa a jikin taswirar?

Abin da yake cikin tsohuwa amma babu shi a sabuwa, shi ne duk sirrin. Ƙauye mai suna da ya ɓace, hanyar ƙafa da ta zo ta tsaya a bakin Galma ko Kubanni ta ci gaba a ɗaya gefen (kaga nan mashigi ne, kuma a mashigi ake sauke kaya a jira ruwa ya janye), inda hanyoyi uku ko huɗu suka haɗu ba gari a wurin. Hanyoyin da suka fita daga ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da Ƙofar Kuyambana ba banza suka fita ba, kowace akwai inda ta nufa, kuma ayari ba ya tafiya sai da wurin yada zango.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne tsohon layin dogo na Bauchi Light Railway, ƙaramin jirgin nan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos saboda kuza. Ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, aka cire ƙarafunan. Shekara arba'in da ɗoriya ana saye da sayarwa a tashoshinsa, masu tallan abinci, leburori, fasinjoji, kowa da canji a aljihu. Taswirar da aka buga kafin a rufe shi za ta nuna maka inda kowace tasha take.

Yaya zan gane wurin a ƙasa, tunda komai ya canza?

A nan ne aikin yake. Ka ɗauki hoton taswirar a miƙe, kar ya karkace, ka ɗora shi kan Google Earth a kwamfuta, ka rage masa duhu har ka riƙa hango hoton yau ta ƙarƙashinsa, sannan ka daidaita da abubuwan da ba sa motsi, wato Dutsen Kufena, gadar jirgi, mahaɗar layin dogo, kusurwar ganuwa. Kar ka daidaita da rafi, rafi yana sauya hanya. Kuma ka sani a sikeli 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, kaurin layin biro kaɗai ya isa ya kai ka gonar maƙwabci. Ga shi kuma tsofaffin taswirorinmu da tsarin auna lambobin wuri da ake kira Minna aka yi su, GPS ɗin waya kuwa wani tsarin daban mai suna WGS84 yake bi, tsakaninsu akwai tazarar mitoci da dama, don haka kar ka kwafi lambobi kai tsaye ka ce ka iso.

In ka je wurin sai ka sa ido. Kukoki tsofaffi a cure wuri ɗaya tsakiyar gona, ko rimi, ko tsamiya, alamar kufai ce. Ƙasa ta yi toka-toka ta ɗan tasa, ga tsingaro birjik bayan an yi huɗa, ga bakin tsohuwar rijiya da ta rufta ko ramukan karofi. Sannan ka samu dattijon da ya fi kowa daɗewa a ƙauyen ka gaishe shi da kyau ka ce, Baba wai da a ina kasuwar nan take ci? Abin da zai nuna maka da sandarsa sau da yawa ya fi taswirar daidai.

Wane irin abu ake iya samu?

A wuraren zamanin Turawa, galibi kuɗin nan masu huda a tsakiya da aka fara bugawa a 1907, anini da ɗari da kwabo, masu tauraro mai tsini shida, sai taro da sisi da sule, da kuɗin da aka yi amfani da su kafin Naira ta zo a 1973. Kuɗin wuri kam na'ura ba ta jin sa tunda ba ƙarfe ba ne. Kuma ƙasar Zariya akwai marmara, ita ma tana sa na'ura surutu, sai ka saita ta da ƙasar wurin kafin ka fara.

Kufena da Turunku fa, tsofaffin mazaunan mutanen Zazzau, ai nan ne tarihi yake?

Nan kam a'a, kuma da gaske nake. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta hana sayar da su ga kowa sai wanda ta amince, kuma kayan aikin hannu da aka yi kafin 1918 suna iya shiga ciki. Ban da doka ma, kan mashi ko kashin maƙera da ka zaƙulo daga irin wuraren nan ka raba shi da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa, ba mai iya mayar da wannan. In taswira ta kai ka wurin da ka ga alamar ya tsufa sosai, ka ɗauki hoto da lambar GPS ka kai sashen ilimin kimiyyar kufai na ABU, su ne aikinsu. Ganuwa da maƙabarta ma haka, ba a taɓa su.

Wa zan tambaya kafin in shiga?

Mai gona tukuna, sannan mai unguwa ko dagaci, ka nuna musu na'urar su ga yadda take aiki, don a halin tsaron da ake ciki baƙo mai yawo da wani ƙarfe a bayan gari ba ƙaramin zargi zai jawo wa kansa ba. Ku yi magana tun farko kan yadda za a yi da abin da aka samu. Ka je da rani bayan an kawar da amfanin gona, ka cike duk ramin da ka tona. Kuma Zariya garin soja ne tun zamanin Turawa, in taswira ta nuna filin harbi ko tsohon bariki ka yi nesa da shi, in kuwa ka tono abin da ya yi kama da harsashi ko gurneti, ka bar shi yadda yake ka sanar da jami'an tsaro.